Yadi Huɗu-Huɗu: Christian Okoye da Aikin da Ke Cinye Mai Yinsa

A wasan ƙarshe na kakar 1989, saura 'yan mintoci a tashi, aka je aka sami Barry Sanders a bakin fili. Ƙungiyarsa ta Detroit Lions ta riga ta sha gaban Atlanta Falcons. Aka ce masa ya tashi ya koma ciki, yadi goma ne kacal tsakaninsa da wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a wannan shekara, ɗauka biyu ko uku ya wuce shi. Sanders, ɗan shekara 21 da ke kakarsa ta farko, ya ƙi komawa, tunda an riga an ci wasa. Haka kambun ya zauna a hannun wani ƙato ɗan Inugu mai suna Christian Okoye, ɗan wasan Kansas City Chiefs, da yadi 1,480, Sanders na biye da 1,470. Shekara shida kafin wannan rana Okoye bai taɓa riƙe irin wannan ƙwallo a hannunsa ba.

Kafin a gane me ake nufi da yadi 1,480, da dalilin da ya sa shekara uku bayan haka mutumin ya gama yawo, sai an fara gane wasan kansa. Amurkawa ƙwallon ƙafa suke ce masa, amma ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallon ba. Ɗan'uwan zari-ruga ne, sai dai an yanyanka shi gunduwa-gunduwa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Tsawon fili yadi ɗari, yadin nan dai da tela ke awon shadda da shi, sannan a kowane ƙarshe akwai gida mai zurfin yadi goma. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci, a sake ba su wasu huɗun. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo a hannu ya ci maki shida, bugun da ke biyo baya maki ɗaya, bugun nesa ta tsakanin turaku kuma maki uku. Minti sittin ne a agogo, an raba su zango huɗu, amma ana kwashe awa uku ana yi, domin kowane yunƙuri daƙiƙa huɗu ne ko biyar, sai a tsaya, a haɗa kai a yi shawara, a sake jera sahu.

Wanda ya yi langa a dandali yana yaro zai fi kowa saurin kama zaren. Akwai ruwa, akwai masu tare masa, akwai wurin sha, sauran duk bangaza ce. Bambancin kawai, a nan ƙafa biyu ake takawa, kuma kowa na sanye da hular kwano da sulke.

Hanya biyu ce ake ciyar da ƙwallo gaba. Ko madugun wasa, wanda ƙwallo ke fara zuwa hannunsa, ya wurga ta sama ga masu cafewa, ko ya juya ya danƙa ta ga wani da ke tsaye a bayansa ya ruga da ita ta ƙasa. Wannan na biyun shi ne abin maganarmu, bari mu kira shi ɗan-ruga. Jifa tana kawo yadi da yawa in ta yi kyau, amma tana iya faɗuwa ƙasa a banza, ko ta faɗa hannun abokin gaba. Gudu ba ya kawo da yawa, yadi huɗu ne gwargwado, sai dai ya fi tabbas, yana cinye lokaci, kuma yana gajiyar da masu tsaro. Yadi huɗu sau uku sha biyu ke nan, an wuce goman da ake nema. A kan wannan ɗan lissafi aka gina wasan shekaru da dama, kuma a kansa aka gina rayuwar Okoye.

A tsaya a dubi yunƙuri guda ɗaya tak. Ƙarti biyar sun duƙa a sahun gaba, a zamanin Okoye kowannensu ya kai kilo 120 zuwa 130, yau kuwa 140 ba abin mamaki ba ne. Gaba da gaba da su wasu ƙartin ne uku ko huɗu, a bayan waɗannan masu tsaron tsakiya, can baya kuma masu tsaron ƙarshe. Ɗan-ruga na tsaye kamar yadi bakwai bayan ƙwallo. Na tsakiyar sahu ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, madugu ya karɓa ya juya ya danna wa ɗan-ruga ita a ciki, shi kuma ya rufe ta da hannu biyu. Tun a wurin shawara an faɗa masa ta wace kafa zai bi, a ce tsakanin na biyu da na uku a dama. To amma masu tsaro ba gumaka ba ne. Kafar na iya buɗewa rabin daƙiƙa ta rufe, ko ta ƙi buɗewa sam, wata ta buɗe a hagu. Dole idonsa ya karanta kafaɗun mutane tun kafin ƙafarsa ta yanke shawara. In ya yi gaggawa ya ci karo da bayan ɗan'uwansa, in ya yi nawa a cim masa tun bai iso sahu ba. In ya fita ta kafar, wani mai kilo 105 na tafe a guje ya nufo ƙirjinsa, wani ya nufo gwiwarsa, na uku kuma ƙwallon yake dukan ta don ta suɓuce. Ya faɗi, mutum uku ko huɗu su faɗo masa. Alƙali ya hura usur, ya tashi ya karkaɗe, bayan daƙiƙa talatin a sake ba shi.

Wannan ɗauka ɗaya ke nan. A yunƙurin da ba a ba shi ƙwallo ba ma ba hutawa yake yi ba: in madugu zai yi jifa, shi ne zai tsaya ya tare duk wanda ya ɓallo daga sahu, wato ya tsaya cik mutum ya zo a guje ya bangaje shi. Masu cafe jifa a sarari suke yawo, kuma dokoki sun hana a taɓa su kafin ƙwallo ta iso. Madugu kuwa kamar ƙwai ake lallaɓa shi. Ɗan-ruga ne kaɗai wanda aikinsa, da sani da gangan, shi ne ya kai kansa inda mutane suka fi cunkushewa.

An haifi Christian Okoye a Inugu ranar 16 ga Agusta, 1961, don haka yana ɗan shekara shida yaƙin basasa ya same su. Kamar kowane yaro a Najeriya, tamaula ya fara bugawa, har jikinsa ya yi girman da malaman wasanni suka ga ya fi dacewa da jifa: jifan faifai, jifan dalma, jifan guduma. A 1982 ya tafi Amurka karatu a Azusa Pacific, wata ƙaramar jami'ar Kirista kusa da Los Angeles a jihar Kalifoniya, inda abokinsa ɗan tsere Innocent Egbunike ya riga shi zuwa. Ya ci kambuna da dama a gasar ƙananan jami'o'i, kuma idonsa na kan abu ɗaya, gasar Olamfik ta 1984, wadda za a yi a Los Angeles, kusan a ƙofar gidansa. Da aka fitar da tawagar Najeriya babu sunansa. Egbunike ya shiga, har ya samo tagulla a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Okoye ya yi zuciya ya ajiye faifai, ya je ya sami kocin ƙwallon makarantar ya ce a gwada shi. Yana da shekara 23.

A duba abin da hakan ke nufi. Yaron Amurka da zai zama ɗan-ruga yana fara sa hular kwano tun yana ɗan shekara takwas ko tara. Kafin ya gama sakandare ya ɗauki ƙwallo sau ɗaruruwa, idonsa ya saba da kafa, jikinsa ya koyi yadda ake faɗuwa. Okoye bai san ko dokokin ba, kuma ya sha faɗa a hirarraki cewa farkon da ya kalli wasan bai ga abin sha'awa a cikinsa ba. Abin da yake da shi shi ne jiki: tsawo mita 1.85, nauyi wajen kilo 115, ga shi yana cinye yadi arba'in cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu da rabi. Masu irin wannan nauyi a lokacin sahun gaba ake kai su. Masu irin wannan gudu kuma yawanci sun gaza shi da kilo ashirin ko fiye. Ba a saba ganin biyun a jikin mutum ɗaya ba.

Shi ya sa a rabon sababbin 'yan wasa na 1987 Chiefs suka ɗauke shi a zagaye na biyu, mutum na 35 a jeri, duk da kaka uku kawai ya buga, a makarantar da manyan masu farautar 'yan wasa ba su cika leƙawa ba. Ya shiga NFL yana gab da cika 26, shekarun da yawancin 'yan-ruga ke ganiyarsu, wasu ma sun fara gangarowa. Kakarsa ta farko, wadda yajin aikin 'yan wasa ya gutsure, ya yi yadi 660. Ta biyu rauni ya hana shi sakat, wasa tara ya buga ya tashi da 473. A nan cikin shekarun ne laƙabin Nigerian Nightmare ya kama shi, wato mugun mafarki daga Najeriya. Ni dai da za a tambaye ni, Dodon Najeriya zan ce, ya fi zama a baki.

Sai 1989 ta kawo sabon koci, Marty Schottenheimer, mutumin da aƙidarsa ba ta da kwana-kwana: a tsare gida da kyau, kada a yi wasa da ƙwallo a sama, a ba ƙato ya yi ta sara har itace ya faɗi. Ya tarar da ƙungiyar da wasa huɗu kacal ta ci a kakar da ta gabata, ya kuma tarar da gatarin da yake nema. A wasa 15 aka danƙa wa Okoye ƙwallo sau 370, kusan sau 25 a kowane wasa. Ya yi yadi 1,480, ya shiga gida sau 12. A raba 1,480 da 370, huɗu ne cif, ba ɗigo. Sanders kuwa ɗauka 280 ya yi ya sami nasa 1,470, fiye da yadi biyar kowace ɗauka. Waɗannan alƙaluma biyu sun isa su nuna mutum biyu masu sana'a ɗaya da hali daban. Sanders gajere ne, mita 1.73, zillewa yake yi kamar tarwaɗa, masu tsaro su yi ta cafkar iska, ba kasafai ake samunsa da duka mai kyau ba. Okoye ba ya kauce wa kowa. Yana gudu a miƙe, ya sa kafaɗa, mai tsaro ya zaɓa ko ya tare ko ya matsa. A zango na farko ana tarewa da ƙarfin hali. Zuwa zango na huɗu, bayan an sha karo ashirin, sai ka ga hannu kawai ake miƙawa. A duk tsawon kakar sau biyu rak aka wurga masa ƙwallo ya cafe. Ba don wannan aka ajiye shi ba.

Chiefs suka tashi da nasara takwas, aka sa Okoye cikin gwanayen shekara, yaran Amurka kuma suka san shi ta wata hanya ta daban: a wasan Nintendo na Tecmo Super Bowl da ya fito a 1991, an yi hotonsa da ƙarfin da duk mai tsaron da ya taɓa shi sai ya yi tsalle ya faɗi can gefe. Har yau akwai dattawan Amurka da ba su taɓa ganin wasansa na gaske ba amma sun san sunan.

Lambar nan 370 tana da nata labarin. Shekaru bayan Okoye ya bar fili, wani mai nazarin alƙaluman wasan, Aaron Schatz, ya lura cewa 'yan-rugan da suka kai ɗauka 370 a kaka guda yawanci kakar da ke biye sai su ji mummunan rauni ko ƙwazonsu ya faɗi warwas. Har suna aka sa wa abin, la'anar 370. Misalan kuwa ga su nan birjik. Jamal Anderson na Atlanta ya yi ɗauka 410 a 1998, shekara na zagayowa jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Terrell Davis na Denver ya yi 392 a wannan shekarar dai, da yadi 2,008, shi ma gwiwa ta tafi a 1999, bai sake komawa yadda yake ba. Larry Johnson, wani ɗan Chiefs, ya kafa tarihi da 416 a 2006, daga nan bai sake kai yadi dubu ba. Derrick Henry ya yi 378 a 2020, a 2021 ƙashin ƙafarsa ya karye. Okoye kansa daga 1,480 ya sauko 805.

Sai dai ni ban yarda akwai wani aljani a lambar ba. Eric Dickerson ya haura ta sau da dama ya ci gaba da gudunsa, Emmitt Smith ma haka, har ya tara yadi 18,355 da ba wanda ya kamo. Henry ɗin ma ya warke ya dawo da ƙarfinsa. Masu sukar ra'ayin sun nuna cewa an zaɓi 370 ne domin ita ta fi dacewa da misalan da ke hannu, da an matsa ta sama ko ƙasa kaɗan labarin ya canza. Kuma mutum ba ya kai ɗauka 370 sai a shekarar da komai ya zo masa daidai, lafiya ƙalau, sahu mai kyau, ƙungiya na kan gaba a yawancin wasanni. Irin wannan shekara ba ta cika maimaituwa ba ko da la'ana ko babu. Abin da ba a musu a kai shi ne karo yana taruwa a jiki kamar bashi, kuma gwiwa ba ta yafewa. Ga Okoye akwai ƙarin wani abu: filin Arrowhead, gidan Chiefs, duk tsawon zamaninsa ciyawar roba ce aka shimfiɗa a kan daɓe mai tauri, sai a 1994 aka dasa ta gaske, bayan ya tafi.

Akwai dare ɗaya da ba a raba sunansa da shi. Satumbar 1990, wasan daren Litinin da duk Amurka ke kallo, Chiefs sun je baƙunci Denver. Aka ba Okoye ƙwallo, kafa ta buɗe masa a sahu, ya shigo ta a miƙe yadda ya saba. Steve Atwater, mai tsaron baya na Denver Broncos, wanda Okoye ya fi shi da kusan kilo goma sha biyar, ya taso daga can baya a guje ya same shi daidai bakin kafar, kafin ya gama ɗaukar wuta. Ƙaton ya tsaya cak, ya koma da baya ya faɗi. An maƙala wa Atwater makirufo a daren, don haka ƙarar karon da ihun da ya biyo baya duk suka shiga faifai, aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Daga nan labari ya bazu cewa dukan nan ne ya karya lagon Dodo. Labarin na da daɗin faɗa, amma alƙaluma ba su goyi bayansa ba: a 1991, shekara guda bayan dukan, Okoye ya yi yadi 1,031 a ɗauka 225, wato yadi huɗu da rabi da ɗoriya kowace ɗauka, fiye da na shekarar kambunsa, aka kuma sake gayyatarsa wasan gwanaye. Abin da ya faru a 1990 ya fi haka sauƙin bayani. Rauni na damunsa, ga kuma wani ƙaton, Barry Word, da ƙungiyar ta ɗauko bayan ya daɗe ba ya wasa, ya zo ya yi yadi 1,015. Wannan na Word ɗin a riƙe shi, za mu dawo kansa.

Gwiwa ce ta gama da shi. A 1992 sai in an matso bakin gida ake sa shi ya tura, ya tashi da yadi 448. A 1993, shekarar da fitattun 'yan wasa Joe Montana da Marcus Allen suka zo Kansas City gari ya ɗauka, Okoye bai taka fili ba. Kaka shida ke nan, ɗauka 1,246, yadi 4,897, shiga gida sau 40, kuma a lokacin babu ɗan Chiefs da ya taɓa tara yadi kamar haka. Ya bar wasa yana da shekara 32, daidai shekarar da 'yan wasan NFL suka sami 'yancin sauya ƙungiya in kwantiraginsu ya ƙare, abin da ya buɗe ƙofar manyan kuɗi. An sa shi a zauren girmamawa na ƙungiyar a 2000.

Da a ce yau Okoye ya fito, anya za a ɗauke shi a zagaye na biyu? Da wuya. A zamanin Jim Brown da Walter Payton da Earl Campbell ɗan-ruga shi ne ango. Yau ya zama kamar ɗan rakiya, kuma dalilan sun sarƙe da juna.

Na farko doka ce. Tun 1978 aka hana masu tsaro taɓa mai cafewa in ya wuce yadi biyar daga sahu, aka kuma bar 'yan sahun gaba su miƙe hannu su tare da tafin hannu. Aka ci gaba da ƙara wa madugu kariya shekara bayan shekara. Jifa ta zama mai sauƙi da riba, gwargwadon yadi shida zuwa bakwai duk yunƙuri, gudu kuma yana nan a huɗunsa. Duk mai lissafi ya san inda zai karkata. Ɗan-rugan da ake so yanzu shi ne mai iya biyun, irin Christian McCaffrey da a 2019 ya ruga yadi 1,387 ya kuma cafe jifa 116. A tuna da biyun Okoye.

Na biyu shi ne darasin Barry Word. Ƙungiyoyi sun lura cewa in sahun gaba na da kyau, kusan duk lafiyayyen saurayi da aka sa a baya zai samo yadi huɗunsa. To me zai sa a zuba dukiya a kan mutum ɗaya? Gara a raba aikin tsakanin mutum biyu ko uku masu araha. Chiefs ɗin nan dai sun ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, a Fabrairun 2023 da Isiah Pacheco, yaron da suka tsinta a zagaye na bakwai, na ƙarshe, mutum na 251. Rabon da a ɗauki ɗan-ruga a matsayin na ɗaya a jeri tun Ki-Jana Carter a 1995, shi ma gwiwarsa ta tsinke a wasan share fage na farko. A 2013 da 2014 ko ɗaya ba a ɗauka ba a zagayen farko. Rabon da ɗan-ruga ya zama gwarzon gasar tun Adrian Peterson a 2012.

Na uku kuwa, wanda a ganina ya fi ciwo, tsarin biyan kuɗi ne. Tun 1994 kowace ƙungiya na da iyakar abin da za ta kashe a albashi, abin da aka ba wani an hana wani. Yaro ba ya shiga NFL sai ya yi shekara uku da gama sakandare, wato zai yi shekara uku yana shan karo a jami'a. In an ɗauke shi, yarjejeniyar 2011 ta ƙayyade masa albashi na shekara huɗu, ba ciniki, kuma in ɗan zagayen farko ne ƙungiya na da zaɓin ƙara ta biyar. In wannan ya ƙare, tana iya kafa masa turke, wato ta riƙe shi shekara guda a kan kuɗin da ake lissafawa daga albashin manyan da ke gurbinsa, ta kuma sake a shekara mai zuwa. Madugu bai damu ba, domin shi yana iya kai shekara 38 yana wasa, babban kwantiragi na jiransa. Ɗan-ruga kuwa ganiyarsa tsakanin 22 ne da 27. Kafin a kwance shi daga turke ya shiga kasuwa, an riga an tatse shi, masu saye kuma haƙori suke dubawa.

Alƙaluman na da ban mamaki. A 2017 kuɗin turken ɗan-ruga dala miliyan 12.1 ne. A 2023 ya sauko miliyan 10.1, alhali iyakar albashin ƙungiya ta tashi daga miliyan 167 zuwa kusan 225. A shekarar turken madugu ya haura miliyan 32, kuma masu bugun ƙwallo da ƙafa ne kawai ke ƙasa da 'yan-ruga. Le'Veon Bell na Pittsburgh ya ƙi yarda a sake ɗaure shi, ya zauna a gida duk kakar 2018 ya bar dala miliyan 14.5 a ƙasa. New York Jets suka ɗauke shi, ba a yi kaka biyu ba suka sallame shi. Los Angeles Rams suka yi wa Todd Gurley babban kwantiragi a 2018, gwiwa ta fara ciwo, suka rabu da shi a Maris ɗin 2020 yana ɗan shekara 25. Kowane irin wannan labari sai ya zama hujja a hannun masu ƙungiya. A bazarar 2023 har taro manyan 'yan-ruga suka yi ta intanet suna neman mafita, ba su samo ba.

Ba a ce kasuwar ta mutu murus ba. New York Giants sun ƙi biyan Saquon Barkley abin da yake nema, ya koma Philadelphia Eagles a 2024, ya tarar da sahu na gani na faɗa, ya ruga yadi 2,005, suka kuma lallasa Chiefs 40 da 22 a Super Bowl na Fabrairun 2025. Wanda ya hana idonsa barci a nan gida, tunda sai sha biyu da rabi na dare ake take wasan, ya ga abin da ya gani. Aka sabunta masa kwantiragi zuwa sama da dala miliyan 20 a shekara, karon farko ga ɗan-ruga. Amma a daidai lokacin Dak Prescott, madugun Dallas, miliyan 60 yake ɗauka. Masu lissafi ma cewa suka yi nasarar Barkley ta ƙara tabbatar da maganarsu, domin shi ɗin ne dai a New York bai taɓa kai yadi 1,400 ba, sahu ne ya canza.

Maganar sahu ta dawo da mu 1989. A tsakiyar ƙartin biyar da suka buɗe wa Okoye hanya a shekarar kambunsa akwai wani dattijon ɗan wasa mai shekara 37, Mike Webster. Kaka goma sha biyar ya yi a Pittsburgh Steelers, ya ci Super Bowl huɗu, sannan ya zo Kansas City ya ƙarasa biyun ƙarshe. Shi ne ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya ɗago ya haɗa kai da ƙaton da ke gabansa, a kowane yunƙuri, na gudu da na jifa. Bayan ya yi ritaya rayuwarsa ta wargaje: mantuwa, rikicewar tunani, rabuwa da iyali, har akwai lokutan da a mota yake kwana. Ya rasu a Satumbar 2002 yana da shekara 50.

Likitan da aka kai wa gawarsa a ofishin binciken gawa na gundumar Allegheny a Pittsburgh wani matashi ne ɗan jihar Anambra, Bennet Omalu, wanda aka haifa a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, ya kuma yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Shi ma bai san kan wasan ba. Ƙwaƙwalwar Webster a ido lafiya lau take, amma Omalu bai gamsu ba, ya sa aka yanka ta siriri-siriri aka rina. A ƙarƙashin madubin likita ya ga wani sinadari da ake kira tau ya taru ya yi dunƙule-dunƙule, irin abin da aka saba gani a kan tsofaffin 'yan dambe. Ya wallafa bincikensa a 2005, cutar lalacewar ƙwaƙwalwa daga yawan karo da yanzu ake kira CTE. Likitocin kwamitin NFL suka rubuta suna neman a janye takardar. Ba a janye ba. Dubban tsofaffin 'yan wasa suka kai gasar ƙara, a 2013 aka amince da sulhu na dala miliyan 765 wanda daga baya aka cire masa iyaka, kuma sai a Maris ɗin 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.